Awon Zuciya na ECG a Amurka: Wa Zai Biya, Nawa Ne, Kuma Me Ya Sa Inshora Take Ƙi?

Wannan shafi na 'yan uwa mazauna Amurka ne, da masu kawo iyayensu ziyara ko jinya, da kuma waɗanda suka samu aiki a ofishin likita wajen cike takardun neman kuɗi daga kamfanonin inshora. Awon ECG na cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi a asibiti, amma takardar kuɗinsa tana yawan tayar wa mutane hankali. Dalilin kusan ɗaya ne a kowane lokaci: kamfanin inshora ba ya duba na'urar da aka jona maka, dalilin da likita ya rubuta na jona ta yake dubawa.

Wane awo ne ake magana a kai?

Shi ne wanda za a kwantar da kai, a manna maka ƙananan faci guda 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta ɗauki lantarkin da zuciya ke fitarwa ta fuska 12 ta zana shi a takarda. Ɗaukar kanta ba ta wuce daƙiƙa 10 ba, cire riga da manna facin su suka fi cin lokaci. Ba allura, ba zafi. A takardun Amurka za ka ga wani lokaci an rubuta ECG, wani lokaci EKG, duk abu ɗaya ne.

Ba shi ne hoton zuciya da ake shafa wa ƙirji mai a duba a allo ba, ba shi ne na gudu a kan inji ba, kuma ba shi ne ɗan akwatin Holter da ake rataya wa mutum ya kwana da shi ba. Kowanne daga cikin waɗannan lambarsa daban, kuɗinsa kuma ya fi yawa sosai.

Na ga 93000 a takardata, abokina kuma ya ga 93005 da 93010. Mene ne bambancin?

Duk aikin da likita ya yi a Amurka yana da lamba a wani kundi da ake kira CPT, wanda ƙungiyar likitocin ƙasar, AMA, take fitarwa tun 1966. Da wannan lamba ake neman kuɗi. Awon ECG na yau da kullum yana da lambobi uku:

93005 ita ce ɗaukar zanen kaɗai: na'ura, takarda, faci, da lokacin nas ko ma'aikacin da ya jona ka.

93010 ita ce karanta zanen da rubuta rahoto, wato aikin likita.

93000 ita ce duka biyun a haɗe, idan wuri ɗaya ne ya yi su, misali likitan da yake da na'urarsa a ofishinsa kuma shi ya karanta.

Kamar kai ɗinki ne: kuɗin yadi daban, kuɗin tela daban, sai dai idan telan ne ya sayar maka da yadin, a nan sai ya faɗi kuɗi ɗaya.

To awo ɗaya aka yi mini, takardun biya biyu suka zo. Ba cuta ba ce?

Yawanci ba cuta ba ce. Idan a asibiti aka yi, asibitin zai nemi kuɗin ɗaukar zanen, likitan da ya karanta kuma, wanda mai yiwuwa ko ganinsa ba ka yi ba, zai nemi nasa daban. Saboda haka 93005 daga asibiti da 93010 daga likita daidai ne.

Abin da ba daidai ba shi ne ka ga 93000 tare da 93010, ko 93000 tare da 93005, a kan awo ɗaya. Nan an caji ɓangare ɗaya sau biyu, kuma kana da hujjar kiran waya ka ce a gyara.

Na je duba lafiya na shekara wanda aka ce kyauta ne, sai ga takardar kuɗin ECG. Ta yaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma takaicin mai yin ta yana kan hanya. Ka je lafiyarka ƙalau, ba ka nemi komai ba, nas ta ce ka kwanta ka kwanta, bayan wata guda kuma ga takarda.

Ga yadda abin yake. Dokar inshorar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta tilasta wa yawancin kamfanoni su biya wasu gwaje-gwajen rigakafi ba tare da mai inshora ya ba da ko sisi ba. Amma ba kowane gwaji ba. Akwai wani kwamitin ƙwararru, USPSTF, da yake auna kowane gwaji ya ba shi maki. Waɗanda suka samu A ko B su doka ta ce a yi kyauta. Awon hawan jini ga manya yana da A. Gwajin sukari ga masu ƙiba 'yan shekara 35 zuwa 70 yana da B. Shi kuwa ECG ga mutumin da ba ya jin komai kuma haɗarin ciwon zuciyarsa kaɗan ne, a 2018 kwamitin ya ba shi D, ma'ana kada ma a yi. Ga masu matsakaicin haɗari ko babba da ba su da wata alama, kwamitin ya ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a yanke hukunci ba. A duka biyun dai bai shiga sahun kyauta ba.

Saboda haka ganin likitan kyauta ne, amma ECG ɗin da aka cusa a ciki ba kyauta ba ne. Wasu kamfanoni da wasu wuraren aiki suna ɗauke shi don raɗin kansu, amma doka ba ta sa su dole ba.

A ganina laifin ya fi rataya a wuyan ofishin da ya mayar da awon al'ada, yana yi wa duk wanda ya shigo ba tare da ya gaya masa cewa inshora tana iya ƙi ba. Kafin ka cire riga, kana da damar tambaya: "Likita, me ya sa ake so a yi mini wannan? Yana cikin na kyauta?" Ba rashin kunya ba ne, kuma likitan kirki zai amsa cikin minti ɗaya.

Amma me ya sa za a hana mutum duba zuciyarsa? Ba rowa ba ce kawai?

Na fahimci mai wannan zargi, domin kamfanonin inshora ba su bar wa kansu suna mai kyau ba. Sai dai a nan likitoci da kansu ne suka ja birki. Zanen ECG na mai lafiya yakan nuna 'yan abubuwan da ba su da wata ma'ana, amma da zarar an gan su ba a iya kau da kai. Sai a tura shi hoton zuciya, daga nan gudu a kan inji, wani lokaci har a kai ga zura siririyar roba ta jijiya zuwa zuciya, aikin da yake da nasa haɗarin. A ƙarshe a ce ba komai, bayan ya sha fargaba ya kashe kuɗi. Ta ɗaya gefen kuma, mutum yana iya samun jijiyar zuciya da ta fara toshewa, zanensa ya fito tsaf, ya koma gida yana ganin ya tsira, ya ci gaba da tabarsa, ya bar maganin hawan jininsa.

Wanda yake son sanin halin da zuciyarsa take ciki alhali ba ya jin komai, awon hawan jini, kitse a jini, sukari, da maganar taba da tarihin iyaye sun fi ECG faɗa masa gaskiya. Akasarinsu kuma suna cikin na kyauta.

To a wane hali inshora take biya?

Idan akwai dalili na jinya, kuma an rubuta shi. Kowace lambar aiki tana tafiya da lambar dalili daga wani kundi, ICD-10, wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba, 2015. Kwamfutar kamfanin inshora tana haɗa biyun ta gani ko sun dace. Ciwon ƙirji R07.9 ne. Jin zuciya tana bugawa da ƙarfi ko tana tsalle R00.2. Suma R55. Ƙarancin numfashi R06.02. Waɗannan da makamantansu ba a cika musu a kansu ba. Haka wanda aka san yana da ciwon zuciya, ko wanda za a fara ba wani magani da aka san yana taɓa bugun zuciya. Amma idan abin da aka rubuta Z00.00 ne, wato duba lafiya kawai, ko Z13.6, wato binciken zuciya ba tare da alama ba, to a nan ake yawan samun ƙi.

A nan ne nake so mu kalli kanmu. An raine mu da dauriya. Dattijo zai kwana yana haki, ƙirjinsa na ɗaurewa idan ya hau bene, amma likita na tambaya sai ya ce lafiya lau, da sauƙi, alhamdulillahi. Uwa za ta ce 'yar gajiya ce kawai. Godiya ga Allah tana nan daram, amma likita abin da ya ji shi zai rubuta. Idan ka ce ba komai, zai rubuta ba komai, awon ya zama na "duba kawai", inshora ta ƙi. Mafi muni ma, ka ɓoye masa abin da ya kamata ya bi diddiginsa. Faɗi duk abin da kake ji: yaushe ya fara, me ke tayar da shi, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a a gidanku. Idan kai ka raka tsoho, ka taimaka masa ya faɗa.

Zan iya roƙon ofishin likita su canja lambar dalilin don inshora ta biya?

Ya danganta da abin da ya faru a ɗakin. Idan ka gaya wa likita kana jin faɗuwar gaba da jiri, ya rubuta a fayil, amma mai cike takarda ya saka lambar duba lafiya kawai, wannan kuskure ne, kuma haƙƙinka ne a gyara a sake turawa. Yana faruwa sosai, kuma sau da yawa kiran waya ɗaya ke warware shi.

Idan kuwa ba ka da wata alama, kana so ne a rubuta ciwon ƙirji don kuɗi su fito, kada ka roƙa, kada ka yarda ko da su suka kawo shawarar. Zamba ce a doka, likita na iya rasa lasisinsa. Kai kuma ciwon da ba ka da shi zai zauna a fayil ɗinka, ya biyo ka ranar da ka je neman inshorar rai.

Mahaifina ya shiga Medicare. Su suna biya?

Medicare, shirin gwamnatin tarayya na 'yan shekara 65 zuwa sama da aka kafa a 1965, yana biyan ECG a ƙarƙashin Sashen B, wato ɓangaren ganin likita da gwaje-gwaje, idan akwai alama ko dalilin jinya a rubuce. Na "duba kawai" ba ya biya, sai sau ɗaya tak a rayuwa: a cikin watanni 12 na farko da shiga Sashen B akwai ziyarar maraba, wato duba lafiya na sabon shiga, kuma idan likita ya tura mutum ECG daga wannan ziyara, ana biya. Lambobinsa ma daban suke: G0403 na duka, G0404 na ɗauka, G0405 na karantawa. Mai cike takarda da ya saka 93000 a nan zai ga an dawo masa da ita.

Abubuwa biyu da suke ruɗa mutane. Na farko, ziyarar maraban kyauta ce, amma ECG ɗin ba kyauta ba ne: sai an cika kason farko na shekara, wato abin da mutum zai biya da kansa kafin Medicare ta fara biya, wanda a 2025 dala 257 ne, sannan a biya kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage. Na biyu, ziyarar lafiya ta shekara-shekara da Medicare ke bayarwa bayan wannan ba ta ƙunshi ECG ba sam.

Idan Medicare Advantage yake da shi, wato wanda kamfani mai zaman kansa yake gudanarwa, dole su biya duk abin da asalin Medicare ke biya, amma kason da zai fito daga aljihunsa da jerin likitocin da aka yarda ya gani na kamfanin ne. A duba littafin da suka aiko.

An ba shi wata takarda ya sa hannu kafin awon, wai ABN. Mece ce?

Sanarwa ce cewa ofishin yana zaton Medicare ba za ta biya ba. Dole ta faɗi sunan awon, dalilin zaton, da ƙiyasin kuɗi, kuma a ba da ita kafin awon, ba bayansa ba. Zaɓi uku ne a ciki. Na ɗaya: a yi mini, a tura wa Medicare, in ta ƙi ni zan biya. Na biyu: a yi mini, kada a tura, zan biya da kaina. Na uku: ba na so. Idan za a yi, na ɗaya ya fi, domin shi kaɗai ya bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Kada a sa hannu a wadda ba a cike ba.

Idan Medicare ta ƙi saboda ta ga dalilin jinyar bai isa ba, kuma ba a ba da wannan takarda ba, galibi ofishin ne zai ɗauki asarar. Amma idan awon na "duba kawai" ne, wanda doka ta riga ta cire, mara lafiya zai biya ko da ba a ba shi takardar ba.

Gaskiya nawa ne kuɗin awon?

Babu farashi ɗaya, kuma wannan shi ne abin takaici a tsarin Amurka gaba ɗaya. Abin da Medicare ke biyan likita a ofishinsa kan 93000 bai kai dala 20 ba, na karantawa kaɗai kuma bai kai 10 ba. Kamfanoni masu zaman kansu sukan biya fiye da haka bisa yarjejeniyar da suka ƙulla. Amma farashin da asibiti ke rubutawa a kundinsa na wannan awon dai yana iya kai ɗaruruwan daloli. Na'ura iri ɗaya, daƙiƙa 10 iri ɗaya.

Wurin da aka yi shi ne ke kawo bambancin. A kula musamman da ƙananan asibitocin unguwa da babban asibiti ya saye: daga waje kamar ofishin likita, amma a takarda sashe ne na asibitin, saboda haka ana iya ƙara kuɗin wuri. Tambayi mai karɓar baƙi tun a waya ko suna cajin kuɗin wuri. Tun 1 ga Janairu, 2021 doka ta sa asibitoci su wallafa farashinsu a intanet, har da na mai biya da kansa, ko da yake nemo shi a shafin wasunsu sai an yi haƙuri.

Inshora ta ce ta amince, amma ni aka ce in biya duka. Ina amfanin amincewar?

Amincewa daban, biya daban. Yawancin inshora tana da didaktabul, wato kason farko da kai za ka biya a kowace shekara kafin kamfani ya fara sa hannu a aljihu. A ce naka dala 2,000 ne kuma ba ka taɓa shi ba, asibiti ya rubuta dala 300, kamfani ya ce bisa yarjejeniya 70 ce halal ɗinsu. Za ka biya 70 ɗin duka, amma 230 ta faɗi, asibitin da ke cikin jerin kamfanin ba shi da ikon neman ta a wurinka, sannan 70 ɗin ta rage maka kason shekara. Amfanin ke nan. Mai asusun HSA ko FSA, wato asusun ajiye kuɗin jinya, yana iya biya daga ciki.

An ce sai na yi ECG kafin tiyata. Wannan fa?

Lambar dalilinsa Z01.810, kuma ana so a haɗa da ciwon da ya sa za a yi tiyatar da duk wani ciwon zuciya, sukari ko ƙoda da mutum yake da shi. Idan babbar tiyata ce ko mutum yana da tarihin zuciya, ba a cika ƙi ba. Inda ake samun matsala shi ne ƙaramar tiyata ga mai lafiya. Wani babban bincike da aka buga a 2000 kan masu aikin yanar ido sama da 18,000 ya nuna cewa gwaje-gwajen al'ada kafin aikin ba su rage matsala ba, kuma ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka ta 2014 ta ce ECG ba shi da amfani ga marar alama da za a yi wa tiyata mai ƙaramin haɗari. "Dokar asibitinmu ce" ba dalili ba ne a wurin inshora. Idan an yi maka awon kwanan nan, kai musu zanen, sau da yawa yana isa.

Ƙirjina na ciwo amma ina tsoron kuɗin sashen gaggawa. In jira safe?

Kada ka jira. Kira 911. Wannan ne wuri ɗaya a shafin nan da ba na so ka tsaya lissafi. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji ECG cikin minti 10 da isowarsa, saboda naman zuciyar da jini ya yanke wa yana mutuwa ne minti bayan minti, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa.

Doka tana bayanka ta hanyoyi uku. Tun 1986 dokar EMTALA ta hana sashen gaggawa na duk asibitin da ke karɓar Medicare ya kori mutum kafin a duba shi a daidaita shi, ko yana da inshora ko babu, ko yana da takardun zama ko babu. Na biyu, kamfanin inshora zai auna zuwanka ne da alamun da suka kai ka, ba da sakamakon ƙarshe ba. Ko da an gano ƙwannafi ne, ciwon ƙirji dalili ne da duk mai hankali zai ruga asibiti saboda shi. Na uku, dokar hana takardar bazata da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022 ta ce ko asibitin ko likitan da ya karanta zanenka ba ya cikin jerin kamfaninka, ba za a caje ka fiye da kason da za ka biya a cikin jeri ba. Motar asibiti ta ƙasa ba ta shiga wannan doka ba, gara ka sani, amma bashi ana biyansa a hankali.

Ni mai cike takardu ce a ofishin likita. Me ya fi sa a dawo da su?

Rashin rahoto. Medicare ta bambanta dubawa da karantawa. Idan likita ya rubuta "EKG lafiya" a cikin bayanin ziyara, wannan dubawa ce, tana cikin kuɗin ganin likita. Don a biya 93010 ko 93000 sai an samu rubutaccen bayani kan saurin bugu, tsarinsa, tazarar da ke tsakani, abin da aka gano, kwatanci da tsohon zane idan akwai, da sa hannun likita. Abin da na'ura ta buga a saman takarda ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Sai maimaici. Idan an sake awon a rana ɗaya saboda dalili, ana liƙa wa lambar aikin ƙarin alama: 76 idan likita ɗaya ne, 77 idan wani ne daban. A sashen gaggawa Medicare galibi karatu ɗaya take biya kan zane ɗaya, wanda aka yi amfani da shi wajen jinyar. Kada a liƙa 26 (alamar aikin likita kaɗai) ko TC (alamar aikin na'ura kaɗai) a waɗannan lambobi, sun riga sun rabu da kansu. Kada a saka 93000 a kan awon da aka yi da na'urar asibiti. Gajeren zane na fuska 1 zuwa 3 kuma 93040 zuwa 93042 ne, kuma ba a cajinsa daban idan daga cikin na fuska 12 aka ciro shi. Wa'adin tura wa Medicare shekara ɗaya ne daga ranar awon.

Takarda ta zo, ban yarda da ita ba. Daga ina zan fara?

Da farko ka tabbatar wace takarda ce. Wadda kamfanin inshora ke aikowa, EOB, bayani ne kawai, ba neman kuɗi ba ne. Kada ka biya asibiti sai ka ajiye takardarsu kusa da ita ka ga adadin da aka ce naka ne ya zo ɗaya.

Daga nan nemi asibiti su ba ka takarda mai dalla-dalla da lambobi. Kira kamfanin inshora ka tambayi dalilin ƙin da lambar dalilin da aka turo musu. Rubuta ranar, sunan wanda ka yi magana da shi, da lambar kiran. Nemi bayanin ziyararka daga likita, wanda doka ta ce a ba ka cikin kwana 30, ka gani ko alamun da ka faɗa suna ciki. Idan kuskuren lamba ne, ofishin likita zai gyara ya sake turawa, ba sai an kai ga ƙara ba. Roƙe su su dakatar da asusun har a gama.

Idan kamfani ya kafe, kana da kwana 180 daga sanarwar ƙin don ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin kansa, su kuma kwana 60 su amsa tunda an riga an yi awon. In sun sake ƙi a kan cewa ba dole ba ne a jinya, kana da wata huɗu ka nemi wasu masu zaman kansu su duba, kuma hukuncinsu ya hau kan kamfanin. A asalin Medicare wa'adin matakin farko kwana 120 ne. Kowace jiha tana da shirin SHIP da ke taimaka wa masu Medicare kyauta. Gajeriyar wasiƙa daga likita da ke faɗin dalilin awon ta fi dogon ƙorafi tasiri.

Mahaifiyata ziyara ta zo daga gida, ba ta da inshorar nan. Yaya za mu yi?

Inshorar matafiya galibi ta ciwon gaggawa ce, ba ta duba lafiya ba, kuma da yawa suna cire ciwon da mutum ya zo da shi, kamar hawan jini. Karanta sharuɗɗan tun kafin ta taso. Idan an taɓa yi mata ECG a Kano ko Yamai ko Kumasi, ta taho da zanen. Tsohon zane yana taimaka wa likita ya gane abin da yake sabo da wanda ya daɗe, yana kuma hana ƙarin gwaji.

Idan ba gaggawa ba ne, a guji babban asibiti. Cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa suna cajin mutum gwargwadon samunsa. A ko'ina kuma, mai biya da kansa yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasi a rubuce kafin aiki, kuma idan takardar ƙarshe ta haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya kai ƙorafi. Asibitocin da ba na riba ba dole ne su kasance da tsarin rangwame ga marasa ƙarfi, ana kuma karɓar takardar nema har kwana 240 daga takardar kuɗi ta farko. Da wuya su yi maka tayi, kai za ka tambaya.

Ba ta jin Turanci. Za a kawo mata tafinta?

Duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, ko ta waya ne. Ka faɗi Hausa tun lokacin da kake neman rana. Kada a bar jika ɗan shekara goma ya yi fassara. Akwai abin da kaka ba za ta faɗa a gabansa ba, kuma shi ne abin da likita yake buƙata.

Agogona yana ɗaukar ECG. Ana biyan kuɗin karanta shi?

Agogo irin Apple Watch fuska ɗaya yake ɗauka, ba 12 ba, don haka ba 93000 ba ne. Idan ya nuna bugu marar tsari, kai wa likita ya gani. Wannan na iya zama dalilin yin cikakken awon da inshora za ta biya.

Idan ban biya ba, zai ɓata mini suna a wurin masu ba da bashi?

Manyan kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi, Equifax, Experian da TransUnion, sun daina saka bashin asibiti da aka riga aka biya tun 2022, suna kuma jira shekara ɗaya kafin su saka wanda ba a biya ba. Daga Afrilun 2023 sun cire duk wanda bai kai dala 500 ba, kuma yawancin takardun ECG a nan suke faɗawa. Amma bashin yana nan, ana iya miƙa shi ga masu karɓar bashi su dame ka da waya. Kira sashen kuɗi na asibitin ka nemi biya kaɗan-kaɗan, da yawa suna yarda ba tare da ruwa ba. Kada ka ɗora shi a kan katin bashi idan kana da wata hanya, domin da zarar ya hau kati ya tashi daga bashin asibiti, kuma wannan sassaucin ba zai ƙara shafarsa ba.